Wai kalanda ɗaya Girkawan zamanin da suke amfani da ita?

Na sha jin mutane na cewa "kalandar Girkawa" kamar abu guda ce da kowa ya yarda da ita, wasu ma har su ce ai da gasar Olamfik suke ƙirga shekara. Gaskiya ba haka abin yake ba sam.

Kowane birni da tasa kalandar fa. Atina da nata sunayen watanni, Sparta nata daban, farkon shekara ma ba ɗaya ba, a Atina sai an ga jinjirin wata bayan yinin da ya fi kowane tsawo a shekara sannan a shiga watan Hekatombayon. Wata suke bi kamar yadda muke yi a Hijira, kwana 29 ko 30, shekara ta kama wajen kwana 354, sai dai su lokaci-lokaci sukan ƙara wata na 13 don kar bukukuwansu su kauce wa lokacinsu. A 432 kafin haihuwar Annabi Isa wani masani Meton ya lissafo cewa shekara 19 ta rana kusan daidai take da wata 235.

Sati mai kwana bakwai babu shi, goma-goma suke raba wata, goman ƙarshe kuma a Atina da baya-baya ake ƙirgawa, wannan kam yana burge ni sosai.

Shekara kuma ba lamba gare ta ba, sunan babban jami'in da ke kan kujera ake laƙaba mata, a birnin Argos ma da shekarun limamiyar gunkiya Hera suke lissafi. Ƙirga da Olamfik daga shekarar 776 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ake ɗauka a matsayin ta gasar farko, masana tarihi ne irin su Timayos suka yaɗa shi daga baya don su daidaita labaran birane, mutumin kasuwa bai san da shi ba.