Gyaran fata da na'urar leza: abin da ya kamata a sani kafin a kwanta a kan gadon mai gyara

Tallan cire gashi da goge tabo da leza ya cika wayoyin matan Damagaram, har wasu amare na ganin dilka da halawa sun tsufa. Ga amsar tambayoyin da aka fi yi.

Yaya leza take aiki?

Haske ne mai ƙarfi da ke neman melanin, sinadarin da ke baƙanta gashi da fata, ya zama zafi ya ƙone shi. Wasu likitocin Amurka, Anderson da Parrish, ne suka bayyana wannan dabara a 1983.

To ina haɗarin?

Melanin ɗin nan shi ne ya cika fatarmu. A jikin Bature hasken na wuce fata ya sami gashi. A namu kuwa fatar ce ke fara shan zafin, sai ta ƙone ta yi bororo. Idan ta warke, ta kan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni, ko fari-fari kamar na ƙunar ruwan zafi, wanda wani sa'in ba ya komawa. Mai jikin da ɗan hujin kunne ke zame masa tabo mai tudu, ta yi nesa da wannan aiki. Ido ma na iya lalacewa, shi ya sa dole a sa tabarau na musamman.

Duk na'urorin ɗaya ne?

A'a. Lezar da ake kira Nd:YAG, mai lamba 1064 (ma'aunin tsawon zangon haskenta), ita ce ta fi dacewa da baƙar fata. Lezar Alexandrite mai 755 da IPL (wata na'urar walƙiyar haske mai ƙarfi) sun fi ƙone mu. Ƴar'uwa, tambayi sunan na'urar, in mai shago ta yi inda-inda, ɗauki mayafinki.

Mai shafa man ƙara haske fa?

Nan ne hankalina ya fi tashi. Da yawan mayukan nan na ɗauke da sitirod mai sirantar da fata da hana rauni warkewa, kuma mata kan ɓoye wa likita suna shafawa. Ki faɗa masa gaskiya.

In dole sai an yi?

Likitan fata zai fara dubawa, a gwada a ɗan wuri kaɗan, a jira kwanaki. Kada a yi ana saura mako biki. A kuma guji rana bayan aikin, musamman a bazara, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40.