Rasit ɗin Kemis Ba Ya Dawo da Kuɗin Inshora

Har yanzu a Birnin Kebbi za ka ga ma'aikaci ya naɗe rasit ɗin kemis a aljihun gaban riga, yana jiran ranar da inshorar lafiya za ta mayar masa da kuɗinsa. Wai ai ana cire masa daga albashi. Ba haka tsarin yake tafiya ba.

Tun da aka fara shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005, har bayan dokar 2022 da ta kafa NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, asibiti ne yake neman biya, mara lafiya ba ruwansa. Asibitin da ka yi rajista da shi ana ba shi wani kaso a kan kowane mai kati, ko ka je ko ba ka je ba. Da wannan kuɗin ake duba zazzaɓinka da gwajin jininka.

In ciwon ya fi ƙarfinsu, sai likita ya rubuta takardar turawa, kamfanin da ke kula da katinka ya ba da lambar amincewa. Da wannan lambar babban asibiti yake karɓar kuɗin tiyata ko hoto. Wanda ya tsallake ya kai kansa, in ba larurar gaggawa ba ce, daga aljihunsa zai biya. A nan mutane suka fi ƙonewa.

Magani kuwa, ma'aikacin gwamnatin tarayya yana biyan kashi 10 cikin 100, kuma sai maganin da ke cikin jerin hukumar. Tiyatar kwalliya ma ba ta cikin inshorar.