Korar ma'aikaci bisa zargin ciwon ƙarya: tambayoyi da amsoshi

A Maraɗi, daga watan Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane, kuma a daidai lokacin ne gona ke neman hannu, ga girbin gero, ga cirar gyaɗa da roron wake. Shi ya sa in ma'aikaci ya aiko cewa ba shi da lafiya a waɗannan watanni, uban gidansa kan ji wani abu a ransa. Wani lokaci zargin gaskiya ne, wani lokaci kuma mutum na can kwance ana yi masa ƙarin ruwa. Tambayoyin nan na ma'aikatan kamfanoni ne da makarantun kuɗi da gidajen mai da gidajen burodi da ƙungiyoyin agaji. Ma'aikatan gwamnati na dindindin dokarsu daban take.

Wace doka ce ta yi magana a kan wannan?

Kundin dokar ƙwadago na Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, sai dokar zartarwa ta 2017 da ta fayyace yadda za a yi aiki da shi, sai yarjejeniyar gamayya tsakanin ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta 2022 wadda ta maye gurbin ta 1972. Babbar ma'aikata kan sami nata dokokin cikin gida, amma ba su isa su saɓa wa kundin ba.

Ciwo kansa yana iya zama dalilin kora?

A'a. In likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar da ciwon, yarjejeniyar aiki dakatawa take yi, ba ta mutuwa. Doka ta ba da har wata 6, kuma ana iya ƙarawa har zuwa lokacin da aka ɗauki wani a gurbin. A farkon wannan lokaci uban gida yana biyan mai jinya, gwargwadon matsayinsa da daɗewarsa a wurin. Mutane da yawa na zaton CNSS, wato asusun kare jin daɗin ma'aikata na ƙasa, ce za ta biya. CNSS tana ɗaukar hatsarin da ya faru a bakin aiki da cututtukan da aikin ya jawo, ga kuɗin iyali da fansho. Masassara ko hawan jini na yau da kullum ba su cikin wannan.

Malam, yarona ya kawo takardar hutun kwana biyar, amma an gan shi wajen ɗaurin aure a Sabon Gari, har hotonsa na Facebook. Wannan bai isa hujja ba?

Alhaji, bai isa ba, kuma nan ne yawancin iyayen gida ke faɗawa rami. Takardar likita cewa ta yi mutum ba zai iya aikinsa ba na waɗansu kwanaki. Ba ta ce ba zai iya taka ƙofar gida ba. Direban da ke shan maganin da ke sa barci bai kamata ya kama babbar mota zuwa Yamai ba, amma yana iya zama a kan tabarma a shafa fatiha da shi. Mai ɗaukar buhu a sito da bayansa ya riƙe yana iya hawa bayan babur ya je farmasi. Malamar da muryarta ta dushe ba za ta iya tsayawa gaban yara sittin ba, amma tana iya zuwa barkar suna a maƙwabta, kuma mun san abin da za a ce da ita a unguwa in ba ta je ba.

Akwai kuma cututtukan da ke zuwa su tafi. Mai amosanin jini yana iya kwana yana murƙususu, bayan kwana biyu ka gan shi a masallaci kamar babu abin da ya same shi. Dokar 2012 ta ambaci wannan ciwo da sunansa, tare da cutar sida da naƙasa, cikin abubuwan da aka hana uban gida ya dogara da su wajen ɗauka ko horo ko sallama. Hoto kuma, a ganina, ya fi kowace shaida rauni, domin ranar da aka ɗora shi ba lallai ita ce ranar da aka ɗauke shi ba.

Inda maganar ke canzawa shi ne in abin da aka gan shi yana yi ya ci karo da ciwon da ya ce yana da shi. Wanda aka ba hutu saboda karaya a hannu, aka same shi yana ɗaurin damman gero tun safe har la'asar, ko wanda ya kwana biyar yana tuƙa wa wani ɗan kasuwa kaya zuwa Ɗan Isa ana biyansa, wannan yana da bayanin da zai yi. Ko a nan ma sai an tsaya an ji bayanin.

To mene ne ya kamata uban gida ya yi in ya yi zargi?

Ya fara da takardar kanta. Akwai sunan likita da hatimi da sa hannu da kwanan wata? An goge wani adadi an sake rubutawa? Yana iya tuntuɓar asibitin ya tambaya ko takardar daga wurinsu ta fito. In ma'aikatar na da likitanta, sai a nemi ya sake duba mutumin, domin maganar likita likita ne ke iya warware ta, ba mai gadi ko abokin aikin da ya kawo tsegumi ba.

Bayan haka doka ta wajabta abu guda da ba a tsallakewa: kafin a yanke shawarar kora saboda halin ma'aikaci, sai an ba shi dama ya kare kansa. A rubuta masa abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji masu magana, kuma a gaban alƙali wanda ya kori mutum cikin fushi ba tare da ya saurare shi ba yana iya biyan diyya ko da zarginsa na da tushe. In wanda ake zargi wakilin ma'aikata ne, ba a korarsa sam sai da iznin sufeton ƙwadago.

Uban gida na da ikon sanin ciwon da ke damun ma'aikacinsa?

Ba shi da shi. Abin da ya shafe shi kwana nawa aka ba da, daga yaushe zuwa yaushe. Sunan ciwon sirri ne tsakanin likita da majinyaci.

In aka tabbatar takardar jabu ce fa?

Wannan babban laifi ne, kuma ba zan sassauta shi ba. Wanda ya sayi takarda, ko ya sassaƙa hatimi, ko ya mai da 3 ta zama 8, ya ci kuɗin da bai yi wa aiki ba, ya kuma bar wa abokansa nauyinsa. Abin da ya fi ciwo, ya ja wa mai jinya na gaskiya da zai zo bayansa kallon maƙaryaci. Ana iya sallamarsa nan take, babu wa'adin sanarwa, babu kuɗin sallama, muddin an rubuta masa dalili. Amma kotu ce ke da ta cewa ta ƙarshe kan ko laifin ya kai wannan girma. Albashin kwanakin da ya yi aiki da kuɗin hutun shekara da ya tara haƙƙinsa ne, haka ma takardar shaidar aiki. Yin takardar jabu da amfani da ita laifi ne a dokar hukunta laifuka, ma'aikacin lafiyar da ya sayar da ita shi ma bai tsira ba.

Wanda ya yi jinya a ƙauye, ko ya ƙetara Katsina ko Kano neman magani, yaya ke nan?

Wannan ya zama ruwan dare a nan, musamman karaya da ake kai wa masu ɗori. Doka likita ta sani. Ko da mutum ya zaɓi maganin gida, ya daure ya fara biyawa ta asibitin unguwa ko babban asibitin jiha a duba shi a ba shi takarda. Wanda ya dawo da takardu daga Najeriya ya kai su wa likita a nan ya duba, ya rubuta masa tasa. Kuma tun ranar farko a sanar da wurin aiki, ko ta saƙon WhatsApp ne, a ajiye saƙon. Shirun kwana huɗu ko biyar shi ke ba uban gida damar cewa an gudu daga aiki.

An riga an kore ni, kuma ciwona na gaskiya ne. Ina zan dosa?

Ɗan'uwa, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, musamman wadda ke cewa kai ka ajiye aiki da kanka ko ka karɓi duk haƙƙinka. Nemi takardar kora a rubuce. Tattara katin asibiti da takardun magani da rasit na farmasi da sakamakon awon jini da takardun albashi, ka tafi ofishin sufeton ƙwadago na Maraɗi. Sufeto zai kira ku duka biyu ya nemi sulhu. In an daidaita a rubuta a sa hannu, in ba a daidaita ba magana ta wuce kotun ƙwadago, inda alƙali zai duba ko akwai halastaccen dalili, in babu ya yanke diyya. Ɗan ƙungiyar ƙwadago ya tafi da wakilinsa.

Ni ban taɓa sa hannu a wata takardar ɗaukar aiki ba. Ina da ta cewa?

Kana da ita. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, matuƙar kana aiki ƙarƙashin umarnin wani yana biyanka. Wahalar tana wajen nuna shekara nawa ka yi da nawa ake ba ka a wata. Littafin da ake sa hannun albashi, saƙonnin turo kuɗi ta waya, kayan aiki masu tambarin wurin, da abokan aikin da suka yarda su ba da shaida, duk sufeto yana duba su.