Waiwaye: Yadda Raɗa wa Titi Sunan Mutum Ya Zama Abin Rigima

Da zarar an ce za a sa wa wani titi sunan wani ɗan gari da ya yi wa jama'arsa hidima, sai kan mutane ya rabu. Iyalansa da masoyansa su ce ai an ma makara. Masu shaguna su tambayi wanda zai biya kuɗin sauya allo da takardun kasuwanci. Can kuma wani dattijo ya tono wani abu da marigayin ya aikata, wanda ake so a bar shi a binne. Wannan taƙaddama ta haura shekara 200 ana yin ta.

A da can, bakin jama'a ne ke raɗa wa hanya suna: hanyar maƙera, hanyar kasuwa, hanyar da ta nufi ƙofa kaza. Babu majalisar da ta zauna a kai, don haka babu wanda za a yi wa ƙorafi. Birnin Paris na cikin wuraren da hukuma ta fara karɓe wannan aiki. A 1779 aka sa wa titunan da ke kewaye da wani sabon gidan wasan kwaikwayo sunayen marubutan Faransa, don karramawa kawai. Juyin juya hali na zuwa, sai siyasa ta shigo ciki. Dandalin da ke ɗauke da sunan Sarki Louis na 15 ya koma Dandalin Juyin Juya Hali a 1792, kuma a nan aka fille kan Louis na 16. A 1795 aka sake masa suna Concorde, wato jituwa. Tun daga nan duk wanda ya hau mulki ya gane cewa allon titi ma fagen nuna iko ne.

Turawan mulkin mallaka sun zo Afirka da wannan ɗabi'a, suka cika birane da sunayen gwamnoninsu da hafsoshinsu. Bayan samun 'yanci aka shiga kankarewa, kuma har yau ba a gama ba. Misali mafi ban sha'awa a gare ni shi ne na Yamai. Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba kuma magajin garin Yamai na farko, shi ya nemi 'yan Nijar su ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardamar da jagoran Faransa Charles de Gaulle ya shirya a 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa. Ya sha kaye, aka haramta jam'iyyarsa, ya yi gudun hijira, bayan ya dawo kuma ya yi shekaru a tsare. Ya rasu a 1998. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin soja ta cire sunan de Gaulle daga wani babban titin birnin ta sa na Djibo Bakary. Shekara guda kafin nan Wagadugu ta yi irin haka da sunan Thomas Sankara.

To amma inda sojoji ke mulki, sanarwa ce kawai. Rigimar gaske tana tashi ne inda jama'a ke da bakin magana, kuma inda wanda za a karrama ɗan gida ne da aka san shi ciki da bai. A garin Amanzimtoti na Afirka ta Kudu, hukumar birnin Durban ta sauya wa titin Kingsway suna zuwa Andrew Zondo. Zondo matashi ne ɗan gwagwarmayar ANC da ya dasa bam a wata cibiyar kasuwanci a garin a Disambar 1985, mutum 5 suka mutu, gwamnatin wariyar launin fata ta rataye shi a 1986. Ga wasu, shahidi ne. Ga iyalan waɗanda suka mutu, mai kisan 'yan'uwansu ne, kuma kullum sai sun bi ta titin da ke ɗauke da sunansa. Ban ga irin zaman tuntuɓar da zai daidaita waɗannan ɓangarori biyu ba.

Irin wannan ba shi da yawa. Galibin rigingimun ba a kan cancantar mutumin suke ba, a kan wanda aka tuntuɓa ne da wanda aka tsallake. Dubi Kansas City a Amurka. A farkon 2019 majalisar birnin ta sa wa wani tsohon titi mai suna The Paseo sunan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, mutumin da ɗaruruwan tituna a ƙasar ke ɗauke da sunansa tun daga Chicago a 1968. Sai dai majalisar ta jingine ƙa'idar neman yardar mazauna titin. Mutanen unguwar, da yawansu baƙar fata masu ƙaunar King, suka tattara sa hannu, aka je akwati a watan Nuwamba, kusan kashi 70 cikin 100 suka ce a maido da tsohon suna. Haka aka yi a Najeriya a 2012, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya wayi gari ya sa wa Jami'ar Legas sunan Moshood Abiola: ɗalibai suka fito kan titi, maganar ta bi ruwa, alhali ba Abiola suke ƙi ba.

Saboda irin haka ne aka yi ta gindaya sharuɗɗa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ƙananan hukumomi hurumin sa wa tituna suna da lambar gidaje, ko da yake gwamnoni kan yi gaban kansu. Berlin ba ta sa sunan mutum sai ya shekara 5 da rasuwa, don ƙura ta lafa. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sunayen wurare na 2002 ma ya ba da shawarar a guji sa sunan mai rai, shawarar da 'yan siyasa ba su cika ji ba.

Su kuwa mutanen Kansas City, sai da aka koma aka bi unguwa-unguwa ana jin ta bakinsu. A 2021 aka zaɓi wata hanya daban aka sa mata sunan King, The Paseo kuma ya ci gaba da amsa sunansa.