Daga Akra Zuwa Axim Ta Bakin Teku: Abin Da Masu Shirin Tafiya Ke Tambaya

Yawancinmu idan muka je Ghana, iyakarmu Akra da Kumasi: a sari kaya, a halarci bikin dangi a Nima ko Sabon Zango, a juyo gida. Ga teku a kusa, amma ko leƙa ta ba a yi. Alhali daga Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, akwai titin da ya miƙe yamma yana bin gaɓar teku har iyakar Kodibuwa, kuma a gefensa tsofaffin gine-ginen Turawa na cinikin zinariya da bayi suke jere. Tun da na bi hanyar nan 'yan'uwa ke yi mini tambayoyi a kanta. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Wace hanya ce, kuma kwana nawa take ci?

Babban titin yamma ne, wanda ya ratsa Kasoa, Mankessim, Cape Coast da Takoradi, ya ƙare a Elubo, garin kan iyaka. Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, amma kada lissafin ya ruɗe ka, domin awa uku ba ta cika isa ba. Cunkoson Kasoa kaɗai yana iya cinye maka awa guda. Sunan garin ma namu ne, kasuwa ce bakin mutanen wurin ya mayar Kasoa, kuma har yau sunan bai yi ƙarya ba. Maganin cunkoson ɗaya ne: ana sallame sallar asuba a kama hanya.

Akwai masu zuwa Cape Coast da safe su dawo da dare. Ban ba da wannan shawarar ba. Kwana biyu shi ne mafi ƙaranci, wanda kuma yake son kaiwa Axim ya ware huɗu.

Motar haya ta isa, ko sai mutum ya zo da tasa?

A tashar Kaneshie ana samun bas da ƙananan motocin da suke kira trotro, masu zuwa Cape Coast da Takoradi, ba kuma tsada. Matsalarsu ita ce ba sa tsaya maka. Mafi yawan abin da ya kamata a gani yana cikin garuruwan masunta, sai an sauka daga babban titi an gangara. In ku uku ne ko huɗu, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar mota da direban da ya san hanya. In kai za ka tuƙa, a dama ake tuƙi kamar a Najeriya, amma ka lura da tudun rage gudu da ke kusan kowane gari, ka ajiye takardu kusa saboda shingayen 'yan sanda, kuma ka daina tuƙi in rana ta faɗi. Wanda ya shigo daga wata ƙasa kada ya manta katin rigakafin shawara.

Me ake gani kafin a kai Cape Coast?

Da farko gonakin rogo da masara da abarba, da mata a bakin titi da tulin kaya. Teku tana ɓoye, sai an wuce Mankessim, tsohuwar cibiyar mutanen Fante, take fara leƙowa ta tsakanin bishiyoyin kwakwa. A Saltpond aka kafa jam'iyyar UGCC a 1947, wadda ta kira Kwame Nkrumah ya dawo gida ya zama sakatarenta. Gaba kaɗan, a Abandze, za ka hango kangon gini a kan tudu yana kallon teku. Ingilishi suka gina shi, mutanen Holan suka ƙwace a 1665 suka sa masa suna Amsterdam. Ya cancanci a tsaya a hau, ko don kallon da ake yi daga sama: jiragen masunta masu fenti kala-kala, kowanne da tutarsa da rubutun addu'a a gefe.

In ka dace da lokacin jan koma, tsaya ka kalla. Maza da samari sun yi layi biyu a kan rairayi, kowa ya riƙe igiya, suna ja da baya suna waƙa, mata na jira da manyan kwanonin silba. Sai dai ranar Talata masuntan yankin ba sa shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Wanda ya zo ran nan jirage zai tarar a kife, ana ɗinkin koma.

Me ya sa gine-ginen Turawa suka yi yawa haka a gaɓa ɗaya?

Zinariya ce ta fara jawo su. Mutanen Fotugal suka gina na Elmina a 1482, shekara goma kafin jiragen Kolombos su isa Amurka, shi ya sa ake lissafa shi a matsayin ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a kudu da Sahara. Da labarin riba ya bazu sai kowa ya zo neman rabonsa: Holan, Ingila, Suwidin, Danmak, har da Jamusawan Brandenburg. Kowanne ya nemi fili a wurin sarkin gari, yana biyan haya, ya kafa ganuwa da igwa. Yawancin igwogin nan tsoron Bature ɗan'uwansu ne ya sa aka girke su, shi ya sa bakinsu ke kallon teku.

Daga baya gonakin rake a ƙasashen Amurka suka buɗe baki suna neman ma'aikata, sai mutum ya fi zinariya riba. Ɗakunan da aka gina don ajiye kaya suka koma kurkukun bayi. Haka aka yi ta yi har Ingila ta haramta cinikin a 1807, yawancin sauran suka biyo baya. A 1979 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihi na duniya.

In lokaci ya ƙure, Cape Coast za a shiga ko Elmina?

Tsakaninsu bai kai tafiyar rabin awa ba, don haka a daure a shiga duka biyu. Ba abu ɗaya suke nunawa ba.

Na Cape Coast mutanen Suwidin suka fara shi a 1653, Ingilishi suka karɓe a 1664, kuma garin ne hedkwatar mulkinsu har 1877 da aka koma Akra. Ɗan jagora zai gangara da ku kurkukun maza, ƙarƙashin ƙasa. Iska ba ta shiga sai ta 'yan ƙananan tagogi can sama. Zai nuna muku daɓen, ya ce wannan baƙin da kuke takawa ba siminti ba ne, ƙazantar mutanen da aka tsare ce ta daskare shekara da shekaru. Sannan ya kashe fitila na ɗan lokaci. A rukunin da na shiga ba wanda ya yi ko tari. Daidai saman wannan kurkuku kuwa coci ne, inda masu gidan ke ibada. Daga nan sai ƙofar da suke kira ta tafiya ba dawowa. In aka buɗe ta, hasken rana ya doke ka, sai ka ga masunta a waje suna harkarsu, yara na guje-guje a kan rairayi.

Elmina ta fi tsufa, ita ma ta canza hannu: Holan suka ƙwace ta daga Fotugal a 1637, suka miƙa wa Ingila a 1872. Abin da ya fi tsaya mini a rai can shi ne tsakar gidan mata, da barandar gwamna a samanta, inda yake tsayawa ya zaɓi wadda za a hau masa da ita ta wani matsattsen matakalar katako. Ƙofar fita zuwa jirgi kuwa siririya ce, sai mutum ɗaya a karkace. A nan ne kuma Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can tsibirin Seychelles. In kun fito, ku hau tudun da ke fuskantar ginin, inda Holan suka kafa wata ganuwar, ku kalli bakin tafkin Benya cike da jirage.

Roƙona ɗaya: wurin nan kamar maƙabarta yake. Za ka tarar da baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika suna kuka, sun ajiye furanni a gindin bango. A rage murya, a ajiye waya.

Me ya haɗa Bahaushe da wannan tarihin? Ba na mutanen kudu ba ne?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini. Da yawa daga waɗanda aka fitar ta ƙofofin nan ba 'yan gaɓa ba ne, daga arewa aka gangaro da su. A harshen Akan akwai kalmar da ake kiran bawan da aka sayo daga arewa, odonko. A Assin Manso, kan hanyar Cape Coast zuwa Kumasi, akwai rafin da har yau ake kira da wannan suna, inda ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su wurin masu saye. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne su a wurin.

Mu kuma muna alfahari da fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, kuma abin alfahari ne. Amma Salaga, inda ayarinsu ke sauka, babbar kasuwar bayi ce, ba ta goro kaɗai ba. A cikin mutanen arewa akwai wanda aka sayar, akwai kuma wanda ya sayar. Ban ga amfanin ɓoye ɗaya a faɗi ɗaya ba. Sannan a yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya zo da sojojin Hausawa daga Legas, kuma sojoji da fatake irin waɗannan na cikin tushen zangunan da ke garuruwan gaɓar a yau. Wanda ya shiga kurkukun Cape Coast da wannan a ransa ba zai ji kansa ɗan kallo ba.

Abinci da sallah fa?

Ba matsala. Kusan kowane babban gari yana da zango da masallaci, ana kuma jin Hausa. A Cape Coast ka tambayi kasuwar Kotokuraba, a nan kusa za ka samu mutanenmu. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, wadda suke kira waakye. Amma kada ka wuce Yamoransa ba ka sayi dokunun Fante ba, wato tuwon masara mai tsami wanda ake naɗewa a busasshen ganyen agada. Da soyayyen kifi da yajinsu mai suna shito ake cinsa. Naman dajin da ake ɗagawa a bakin titi kuwa a bar shi, tun da ba a san yankansa ba.

Gadar sama ta Kakum da ake ta magana, ta cancanci a ratse?

Ta cancanta, musamman da yara. Dajin yana arewa da Cape Coast, kimanin kilomita 30. Gadoji bakwai ne na igiya da katako, an ɗaura su daga bishiya zuwa bishiya can ƙololuwa, tun 1995. Suna lilo, amma da raga a gefe. A je da sassafe kafin zafi da taron 'yan makaranta. Kada a sa ran ganin giwa, ko da yake akwai su can cikin dajin.

Wane lokaci ya fi, kuma ana iya wanka a tekun?

Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi, lokacin rani. Mayu da Yuni ruwa ya fi yawa, ƙananan hanyoyi na lalacewa. Mai son biki ya nufi Winneba a farkon Mayu don bikin farautar Aboakyer, ko Elmina a Talatar farko ta Yuli don Bakatue. Wanka kuwa, ina gargaɗi da babbar murya. Tekun nan tana da ja ta ƙasa, ba irin kogi ko dam ɗin da muka saba ba ce. Iya gwiwa ya isa, yara kuma a riƙe hannunsu.

Bayan Elmina akwai sauran abin gani?

Akwai, kuma nan ne hanyar ta fi kyau, mutane suka fi ƙaranci. A Shama akwai kabarin Anton Wilhelm Amo, ɗan yankin Axim da aka kai Turai yana yaro, ya zama malamin falsafa a jami'o'in Jamus, sannan ya dawo gida. A Beposo za ka haye kogin Pra, ka ga ruwansa ya koma kamar kunun kanwa saboda haƙar zinariya ta bayan fage da suke kira galamsey. Abin yana da ciwo, kogin da garuruwa ke sha.

Bayan Takoradi sai gonakin roba da kwakwar manja. A Princes Town ginin Jamusawa na 1683 yana nan, a Axim kuma na Fotugal na 1515. Nkroful, mahaifar Nkrumah, ba nisa. Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Beyin, ya shiga kwale-kwale ya ratsa fadama kusan awa guda zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka kafa bisa turaku a kan tafki. Titinsu ɗaya ne, na katako, gidaje hagu da dama, da makarantar firamare, kuma yaro ƙarami yana tuƙa kwale-kwale shi kaɗai. Mutane ne a gidajensu, don haka a yi sallama, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, a kuma juyo da wuri don a iso Beyin da sauran rana.