Nesh: Kalmar Turancin Karkara Mai Nufin Rakin Sanyi

Nesh sifa ce a karin harshen tsakiya da arewacin Ingila, musamman yankunan Staffordshire, Derbyshire, Nottinghamshire, Cheshire, Lancashire da kudancin Yorkshire. Ana kiran mutum da ita idan sanyi na saurin kama shi, irin wanda iska kaɗan za ta kaɗa ya nemi rigar sanyi alhali kowa na yawo da 'yar shara. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne "mai rakin sanyi". Yawanci tsokana ce tsakanin 'yan gida ko abokan aiki, ba zagi ba.

Asalinta hnesce ne a Tsohon Turanci, ma'ana mai laushi ko mai taushi. A wancan zamani ana furta "sc" kamar "sh" ta Hausa, don haka ƙarshen kalmar bai yi nisa da yadda yake ba. Farkon ne ya sauya: sautin "h" da ke gaban "n" ya faɗi, kamar yadda hnutu ta koma nut. Tana da 'yar'uwa a Gothic, wani tsohon harshe dangin Turanci da ya ɓace, wato hnasqus, ita ma laushi take nufi.

Daga laushin abu ma'anar ta gangaro zuwa laushin jiki, sannan rashin jure sanyi. Tsofaffin ma'anonin sun daɗe kafin su gushe. Manoma sun kira ciyawa ɗanya mai ruwa da nesh, masu haƙar kwal kuma sun kira kwal mai saurin marmashewa da ita. Ƙamusun karin harsunan Turanci na Joseph Wright, mai juzu'i 6 da ya fito daga 1898 zuwa 1905, ya tattara irin waɗannan. A wasu wurare har aikatau ta zama: ɗan ƙwallon da ya janye ƙafa don tsoron karo, a ce ya yi neshing.

Daidaitaccen Turanci ya yi watsi da ita, amma marubutan yankin sun riƙe. Elizabeth Gaskell ta sa ta a bakin ma'aikatan Manchester cikin littafinta Mary Barton na 1848, haka D. H. Lawrence ya yi amfani da ita a littafinsa Sons and Lovers na 1913.

Masu fassara kan yi tuntuɓe wuri biyu. Wasu su mayar da ita "matsoraci" a inda sanyi kawai ake nufi. Wasu kuma su jingina ta da nice saboda kamar sauti, alhali nice daga Latin nescius ta fito, ma'ana wanda bai sani ba.