Ina ma'anar "vibe coding" ta asali?

Tun da ƙamus ɗin Collins ya zaɓi "vibe coding" a matsayin kalmar shekarar 2025, duk wanda ChatGPT ya rubuta wa layi biyu na kod, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi, sai ka ji an ce abin da yake yi ke nan. Ba haka ba ne. Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, shi ya raɗa sunan a Fabrairun 2025. Nufinsa, ka faɗa wa ƙirƙirarriyar basira abin da kake so, ta rubuta, ka karɓa ba ka karanta ba. In manhajar ta cije, ka kwafo saƙon kuskuren ka mayar mata. Rashin karantawar nan shi ne gundarin maganar, kuma shi kansa ya ce ya fi dacewa da ƙananan ayyukan da za a yi a yar.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu fakewa da kalmar suna cewa yarukan kwamfuta sun mutu, Turanci ya wadatar. An taɓa yin wannan mafarki. A 1959 aka tsara yaren kwamfuta na COBOL ya yi kama da Turanci, don manajan da bai san kwamfuta ba ya iya karantawa. Manajojin ba su karɓi aikin ba. Bankuna da ma'aikatun gwamnati suka ɗora lissafinsu a kansa, har a 2020, lokacin korona, gwamnan New Jersey a Amurka ya fito yana cigiyar masu iya COBOL, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya kasa ɗaukar cunkoso.

Maganar ɗan Adam harshen damo gare ta. Ka ce "a biya duk wanda ya shekara goma yana aiki". Wanda ya bari ya dawo fa? Wanda zai cika gobe fa? Na'ura za ta zaɓar maka ɗaya ba ta tambaye ka ba, kuma haƙƙin wani ne a ciki.

Shi ya sa nake ganin yarukan gobe tsauri za su ƙara. Yaren Rust kan ƙi haɗa manhaja in ya hango wasu kurakuran tun kafin a kunna ta. Yaren TypeScript, wanda Microsoft ya fitar a 2012, yana tantance ko abu lamba ne ko rubutu, kuma GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya ce a 2025 TypeScript ya sha gaban yaren Python a yawan masu amfani da shi a dandalin.